Tsakanin Mai Tanki da Mai Madubi

Shekara huɗu Auta ta yi tana kiwon abin da ido ba ya gani. Karatun digirin dakta take yi, ƙafa ɗaya a sashen injiniyan sinadarai, ɗaya a sashen nazarin ƙwayoyin halitta. Aikinta shi ne ta sauya wa ƙwayoyin yis, irin na kumbura burodi, hali har su riƙa fitar da maganin ciwon suga, sannan ta zuba su a tankin ƙarfe su hayayyafa. A gida yayanta yakan ce, "Kowa na kiwon kaji, Auta na kiwon ƙura."

Malamai biyu ke duba aikin. Ɗalibai na kiran na sashen injiniya Mai Tanki, na sashen ƙwayoyin halitta Mai Madubi, kuma ba sa ga-maciji tun wata rigimar shugabanci da aka yi kafin ta shigo jami'ar. In ta kai babi wajen Mai Tanki sai ya ce, "Wannan ai tatsuniya ce, ina lissafin?" In ta cika shi da lissafi ta hau bene, Mai Madubi ya zare tabarau ya ce, "'Yata, ƙwaya rai gare ta, ba famfo ba ce."

Haka ta yi ta haɗiye. A shekara ta huɗu ƙwayoyin suka fara ba da magani. Ta adana irin a ƙananan kwalabe goma sha biyu cikin firizar Mai Madubi, domin tasa ce kaɗai ke da sanyin da ake bukata.

Sai Mai Tanki ya je wani taro ya gabatar da sakamakon, ko sunan Mai Madubi bai ambata ba. Da labari ya iso, Mai Madubi ya sa aka fitar da duk abin da ba na sashensa ba daga firizar. Lokacin Auta na asibiti tana jinyar mahaifiyarta. Kwana uku kwalin kwalabenta ya yi a baranda, rana na dukansa.

"Ranka ya daɗe, su ke nan gare ni," ta ce, kwalin na hannunta.

"An liƙa sanarwa a ƙofa," in ji Mai Madubi, bai ɗago kai ba.

Ta sauka wajen Mai Tanki. Ya ce, "Wa ya aike ki ajiya a ɗakinsa? Ki sake daga farko, ai kin san hanya. Shekara biyu kamar gobe ne."

Ta shuka abin da ya rage a faranti arba'in, ko Allah zai sa ɗaya ta farfaɗo. Bayan mako guda ta buɗe, babu komai sai fumfuna. Ta wanke farantan tas, ta miƙa makullin ɗakin gwaji, ta bar karatun.

Yanzu tana kamfanin sabulu, tana gwada kaurin kumfa daga safe zuwa la'asar. Bara wata tsohuwar abokiyar karatu ta turo mata hoton bikin ritayar malaman biyu. An sulhunta su. Suna rungume da juna, baki har kunne, ana tafi. Auta ta kifa wayar a kan tebur, ta ce wa mai kula da injin ya ƙara ruwa.