Dutsen Gishirin Awaki

"Kwana uku muna gantali a bakin teku, Malam, ko ƙashin dodo ba mu gani ba!" in ji Lefteris. "Ƙafata ta yi kanta."

"Ƙwaƙwalwarka ta riga ta," Malam Argiris ya amsa, bai ko waiwayo ba. Tsohon malamin makaranta ne, shi ya koya wa Lefteris karatu, har yau kallon daƙiƙin aji yake masa.

Lefteris mai shagon kofi ne, kuma shi ya tsiro da tafiyar. Kowane ƙauye a gaɓar nan yana da abin nuna wa baƙi. Wannan na da tafkin da wata allahiya ta yi wanka, wancan na da ramin da aka ce ƙofar lahira ne. Motoci su tsaya, a sha kofi, a sayi zuma. Nasu ƙauyen kuwa sai tsofaffi da maguna. Shi ya sa ya lallaɓo Malam su bi gaɓa su nemo nasu rabon.

Suka juyo hannu rabbana. Saura ƙiris su shiga gari Malam ya leƙa wani kogo, ya cire hula. Rufin baƙi ƙirin da hayaƙi, ga ƙasusuwa, ga dutse mai kwarmi a tsakiya.

"Nan ne mutanen dauri suke yi wa allan teku yanka!" in ji shi. "Ka ga inda jini ke taruwa?"

Lefteris ya san wurin nan sarai. Kogon a filinsa yake. A idonsa babansa ya sassaƙa dutsen nan don zuba wa awaki gishiri. Hayaƙin na dafa cuku ne, ƙasusuwan na ragon bikin Ista.

Ya kuma san abin da ya sami Stamatis na ƙauyen gaba, wanda garmarsa ta tono ɓallin wani tsohon tulu. Masu kula da kayan tarihi suka zo suka zagaye gonar da wayar shinge. Shekara goma sha biyu ko albasa bai shuka ba. Filin nan kuwa Lefteris ya yi wa 'yarsa Fotini alkawarinsa, zai gina mata gida ta dawo daga Jamus.

"Malam, babana ne ya sassaƙa shi. Na rantse da kabarinsa."

"Babanka? Mutumin da bai iya feƙe fensir ba?"

"Na awaki ne, Malam. Lasa ka ji gishiri."

Malam ya durƙusa ya lasa, ya lumshe ido.

"Gishirin teku! Ka gani? Jahili, ka kawo hujja da bakinka."

Ya zaro waya ya haye kan tudu yana neman lambar masu kayan tarihi. Lefteris ya tsaya a bakin kogon yana duban duwatsun da ya jera wa harsashin gida.

"To Malam, Fotini fa, in ce mata ta zo ta yi haya a wajen allan teku?"