Kifin da Aka Juya a Qingdao

Ni na shirya tafiyar, don haka duk abin da zai lalace a ranar laifina ne tun kafin ya lalace. Haka gidanmu yake.

Kaka ce ta cika tamanin. Matar masunci ce daga wani ƙauye a bakin teku, kuma a zamaninta mace ba ta taka jirgi, wai ƙafarta na korar kifi. Ta yi rayuwarta tana gyaran raga tana kallon ruwa daga tudu. Na rantse sai na ɗora ta a kan tekun nan kafin ta mutu, na kuwa samo mana jirgin ruwa na yawon shaƙatawa da zai tashi daga Qingdao zuwa tsibirin Jeju da la'asar. Mu shida ne: ni da Kaka da Baba, sai Baffa na Biyu, da 'yarsa Qiaoyun, da angonta Jianye, mutumin Datong, garin gawayi, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufi ba. Mama ta ce ta gan mu ya ishe ta, ta zauna a gida.

Tun safe muke yawon gari. Baffa ya naɗa kansa jagora, ya tsaya a gaban kowane tsohon gini yana ba da tarihin da yake ƙirƙira a nan take. Sau ɗaya na gyara masa, ya juya ya sanar da jama'ar titi cewa Dakta ta yi magana. Ban gama digirin na uku ba tukuna, amma da sunan yake zagina, ni kuma ina amsawa da ƙarfi don ya ji haushi. A bakin duwatsu muka tarar da amare suna ɗaukar hoto, iska na neman kwashe musu mayafi. Baffa ya nuna mini su ɗaya bayan ɗaya kamar ban taɓa ganin amarya ba, ya ce kowacce a cikinsu ta fi ni ƙuruciya. Na ce masa kowacce kuma tana rawar sanyi. Kaka ba ta kalli amare ba, ba ta kalli gine-gine ba. Jirginmu take leƙowa can a tasha, fari, ya fi tudun ƙauyensu tsawo, tana riƙe da jakarta da hannu biyu.

Da rana muka shiga wani gidan abinci kusa da tashar. Aka zaunar da Kaka tana fuskantar ƙofa, aka jero kaguwa da jatan lande da ganye, daga ƙarshe aka kawo kifi guda, tsawon hannuna, an turara shi da citta da lawashi. Teburin irin mai juyawa ne, aka juya shi har kan kifin ya kalli Kaka. Ta ɗauki loma ta farko, sannan kowa ya sa sandunansa na cin abinci.

Jianye tun da aka ɗaura masa aure yake neman Kaka ta so shi. Shi ke zuba mata shayi, shi ke ɓare mata jatan lande. Da ya ga an taɓa saman kifin an fara ganin ƙaya, sai ya miƙe, ya sa cokali da sanduna, ya juya kifin gaba ɗaya cikin ladabi, ya yanko tsoka mai kyau daga ƙasan ya ajiye a kwanonta.

“Kaka, ku ci nan, ya fi laushi,” in ji shi.

Qiaoyun ta rufe fuska. Baba ya ajiye sandunansa. Ko yaron goye a bakin teku ya san ba a juya kifi a faranti. Ƙayar ake ɗagawa a ci na ƙasa, don wanda ya juya kifi jirgi ya kifar. Amma wa zai koya wa mutumin Datong wannan? A garinsu kifi daga firji yake fitowa.

Kaka ta dubi kifin, ta dubi taga, ta goge baki. Ta ce a kai ta tashar jirgin ƙasa, gida za ta koma, mu kuma Allah ya kiyaye hanya.

Nan kowa ya zama malami. Baba ya ce ai yaron baƙo ne, teku ba ta kama baƙo da laifi. Kaka ta ce teku ba ta tambayar garin mutum. Baffa ya miƙa hannu zai sake mayar da kifin yadda yake, Kaka ta buge masa yatsu da sanda, ta tambaye shi ko sau biyu yake so mu nutse. Jianye sai sunkuyawa yake yana ba da haƙuri har goshinsa ya kusa shiga miya. Ni ma na yi nawa. Na yi mata bayanin nauyin jirgin, da ƙarfen da aka ƙera shi da shi, da na'urorin da ke hango hadari tun yana nesa. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ƙanin kakana ma da sabon jirgi ya fita, bai kuma dawo ba.

Roƙo ba ya cikin abin da na iya, kuma lokacin shiga jirgi na matsowa. Sai na tambaye ta, a ƙauyen nasu in yaro ya yi wauta ya juya kifi, zama ake yi a tudu har abada a mutu da yunwa?

Ta harare ni.

“Cinye shi ake yi. Baki ɗaya, mutum ɗaya. A bar ƙaya tsirara, ba sama ba ƙasa. Wanda ya ci kuma shi ya ɗauke abin a cikinsa.”

Har yau ban san ko al'ada ce ko a nan ta ƙirƙiro ta ba. Jianye ya jawo farantin da sauri, Kaka ta ce hannun da ya ɓata ba ya gyara. Qiaoyun na da juna biyu. Baba ya riga ya cika ciki da kaguwa. Baffa kuwa nan take ciwon gaɓoɓinsa ya tashi, likita ya hana shi kifi, shi da ya gama da rabin jatan landen teburin. Ya juya teburin a hankali har farantin ya tsaya a gabana.

“Ga Dakta nan,” ya ce. “Tun da ba ta yarda da komai ba, komai ba zai kama ta ba.”

Na naɗe hannun riga.

Ba ƙaramin kifi ba ne, kuma na riga na ci shinkafa. Tsokar baya ta wuce lafiya. Cikin ne ya fara ba ni wuya, mai kitse, ya huce, yana santsi a maƙogwaro. Baffa na ba da labarin ci na kamar mai sharhin ƙwallo, yana cewa haka nake cin littafi, shi ya sa maza ke tsorona. Ban ɗaga kai ba. Na sassauta maɓallin wando a ƙarƙashin tebur na ci gaba. Baba ya raɗa mini cewa in bari haka, za a lallashe ta. Na ce ya miƙo shayi. Na ci fata, na tsotse fiffike, na bi wutsiya. Ma'aikatan gidan suka daina kai da kawo suka jingina da bango suna kallo.

Da na ture farantin, Kaka ta sa tabarau ta duba, ta nuna kan da sandarta. Na fasa kan, na ci kumatu, na ci abin da ke cikin ƙoƙon kan, abin da ba na son sanin sunansa. Saura ido. Yana kallona ina kallonsa. Na haɗiye shi da shayi mai zafi, hawaye suka zubo mini, na ce citta ce.

Kaka ta ɗaga ƙayar da yatsu biyu, ta duba nan ta duba can, ta ajiye. Ba ta ce mini sannu ba. Jakarta ta ɗauka ta ce wa Baba me ake jira.

A tashar jirgin ruwa, ita ce a gaba. Jianye ya miƙa hannu zai taimake ta a kan gadar shiga, ta ce ya sa hannayensa a aljihu har mu dawo, kada ya taɓa komai. Ni ina can baya, ina tafiya a tale kamar mai nakuda, fasfo shida a hannu, kifi na motsi a ƙirjina tun jirgin bai motsa ba. A ƙarshen gadar ta tsaya, mutane suka taru a bayanta. Ta sa ƙafa ɗaya a cikin jirgin, ta danna kamar mai gwada ƙarfin ƙanƙara, ta jira. Sannan ta shigar da ɗayar.

Na same ta a sama, ta kama ƙarfen gefe tana kallon ruwan da ke ƙarƙashinta. Na jingina kusa da ita don dalilina na daban. Ta dube ni, ta ga launin fuskata.

“Kada ki kuskura ki amayar da shi,” ta ce. “Sai mun sauka a Jeju.”

Na rufe baki da hannu, jirgin ya yi ƙara, tasha ta fara ja da baya.