Gadon Jariri a Wata na Bakwai

Ulyana na tura ƙofar ɗakin cin abincin ma'aikata sai tafi ya ɓarke. Ga kek a tebur, ga ƙunshe-ƙunshen kyauta, ga gadon jariri sabo fil. Madam Lorraine, manajar otal ɗin, wadda aka turo birnin Perm daga Kanada, ita kaɗai ke tafi da zuciya ɗaya. Sauran duk idanunsu na ƙasa.

Cikin Ulyana wata bakwai ne. Cikinta na farko ma a wata na bakwai ta rasa shi, kwana uku bayan surukarta ta kasa haƙuri ta sayo 'yar hula. A nan ko safa ba a saye sai an ji kukan jariri.

"Zo mana, buɗe!" in ji Madam, tana miƙo mata ƙunshi. "Haka muke yi wa wadda muke ƙauna a ƙasarmu."

Ulyana ta ɓoye hannuwanta a baya. Sai a lokacin ta tuna, tun karin kumallo ba ta ji motsi a cikinta ba. Ta matsa kusa da shugabar masu gyaran ɗakuna, ta yi raɗa.

"Raisa Fyodorovna, ba wanda ya gaya mata?"

"Wa zai gaya mata, 'yata? Da ta tambaya ko akwai mai magana, kowa ya hau kallon takalminsa. Har wannan ƙaton." Ta harari Gennady kuku.

"Ni kek aka ce in yi," ya ce.

Madam na tsaye har yanzu, murmushinta ya fara gajiya. Ulyana ba ta taɓa ce mata komai ba, ban da gaisuwa.

"Madam, don Allah kada ki sa ni in taɓa," in ji Ulyana. "Na farko haka ya tafi. Wannan kuma yau bai motsa ba."

Madam ta ajiye ƙunshin a hankali. Ta dubi ma'aikatanta ɗaya bayan ɗaya.

"Sati biyu ina shirya wannan a gabanku."

Ta zaro makullin motarta. "Taso, asibiti za mu."

"Tsaya," in ji Raisa Fyodorovna da ƙarfi, har ita kanta ta firgita. "A al'adarmu ba a kama hanya sai an ɗan zauna."

Madam ce ta fara zama, ba ta tambayi dalili ba. Kowa ya nemi kujera, ɗakin ya yi tsit. A cikin shirun nan Ulyana ta ji wani ɗan shuri ƙarƙashin haƙarƙarinta, sau ɗaya tak.

Ta miƙe, ta ɗauki jakarta. Ba ta gaya wa kowa ba tukuna.