Mai Riƙe Raga a Titin Couva

Da gwamnati ta ce duk mai karɓar tallafi sai ya fita aiki, ni na fi kowa masifa. Mammy, wato mahaifiyata, ta haura hamsin, ga hawan jini, kuma tun rasuwar Daddy ko labulen ɗakinta ba ta ɗagawa.

Aka sa ta cikin masu yankan ciyawar bakin titin garinmu, Couva. Namiji na yanka da inji, mata biyu na riƙe da raga don kada tsakuwa ta fasa gilashin motoci. Abokiyar riƙonta ita ce Tanti Doolarie, mace mai bakin tsiya. Kafin wata guda sai ga Mammy na dawowa da dariya da labarai, tana cinye kwanon pelau, dafa-dukan shinkafarmu, tas. Amma ƙafafunta sun kumbura, kuma sau biyu jiri na kayar da ita a banɗaki.

"Kada ki gaya wa kowa, Shenelle," in ji ta. "Shan ranar nan ne maganina."

Ni kuwa uwar iyawa, na lallaɓa na sami shugabansu, Mista Ramkissoon, na zayyane masa komai. Na zaci aikin inuwa zai mai da ita. Sallamarta ya yi, wai ba a wurinsa za ta faɗi ba. Aka mai da ita jerin marasa lafiya, tallafinta bai tsaya ba.

Jinin ya sauka, har likita ya yaba mini. Sai dai Mammy ta koma ɗaki ta daina magana, abinci ma sai da lallashi. Na koma na roƙi Mista Ramkissoon, ya ce ai tuni wata ta maye gurbin.

Ran Asabar Tanti Doolarie ta zo da gurasar roti mai zafi, tun daga ƙofa tana kwarmato da sunan Mammy: "Eulyn! Raguwa kawai, fito in ga ƙafar taki!"

"Ce mata ta tafi," in ji Mammy. "Ita kaɗai ta taɓa ganin na dafe kai a wurin aiki. Ita ta kai ƙarata."

Na fita na sallami baiwar Allah, ko ido na kasa haɗawa da ita. Kunya kamar in nutse. Na dawo da niyyar faɗin gaskiya, sai Mammy ta kamo hannuna ta matse.

"Duniyar nan, ke kaɗai kika rage mini da ba za ki ci amanata ba."

Na ce, "Haka ne, Mammy."