Sakan Arba'in na Batula

...kuma wai sakan arba'in. Sakan arba'in kawai agogunan Baba suka makara, amma Badaru ya faɗe shi kamar ya kama ɓarawo. "Yaya Batula, wayata daga sama take karɓar lokaci, ba ta kuskure." Daga sama! Ni daga ina nake karɓa? Shekara goma sha tara, tun da idon Baba ya tafi, kullum da safe rediyo a kunnena, ina jiran a buɗe labarai in tura dogon hannu kan sha biyu. Agogo bakwai a shagon nan. Ni ke murɗa masu makulli, ni ke ɗiga mai, ni na san wanda ke gudu in zafi ya yi.

Yana ina lokacin? Ƙanena, ɗan lelen Baba. Makaranta, daga nan Abuja, daga nan shiru. Sati uku da dawowarsa Dutsin-Ma...

Ga agogon tsakiya, mai lilon tagulla, wanda Baba ya sayo Kurfi ranar kasuwa. Ina 'yar shekara tara ya ɗora kunnena jikin katakon. "Saurara, Batula. Kin ji yana ɗingishi?" Na ji. Wallahi na ji. Badaru ko yau ba zai ji ba, sai ya jingina waya ta ji mashi.

Jiya ya saita duka bakwai. Suka buga azahar baki ɗaya, abin da ban taɓa iyawa ba. Baba ya yi dariya har da tafi. "Allah shi yi maka albarka." Ni da na kawo mashi fura ina tsaye, kwano a hannu.

Notin nan na ƙasan lilo... juyi ɗaya. Juyi ɗaya, kafin Juma'a agogon ya zame da minti biyu, a ce saitin waya bai riƙe ba. Wa zai sani? Yatsuna na kai. Sanyi gare shi.

Baba zai sani. Daga kan tabarmarsa zai ji.

To ya ji mana! Ya ji, ya kira sunana ko da faɗa ne...

"Badaru, ƙarfe nawa?" Muryar Baba.

Ya tafi Kurfi tun safe, Baba. Ni ce nan. Agogo bakwai gabana, duka daidai, yatsuna har yanzu na kan notin.