Gyaran Matattakala

Mai Siminti da surukinsa Dogo sun haɗa jari suka sayi wani bene a bakin titi daga hannun magada. Ƙasa shaguna, sama ɗakuna. Niyyarsu su gyara saman su zuba 'yan haya masu albashi. Sai da ciniki ya faɗa suka gane tsohuwar da ke shanya a baranda ba 'yar haya ba ce. Ƙanwar marigayi mai gidan ce, kowa Gwaggo yake ce mata, kuma kotu ta ba ta zama a ɗakinta har ƙarshen ranta, muddin ba ita ta tashi ba.

Dogo ya hau ya yi mata tayin wani ɗaki a bayan gari. Ta ba shi ruwa ya sha, sannan ta ce, "Ɗana, nan yayana ya ajiye ni. Daga nan sai kabari."

Suka nufi wurin lauya. Mace ce mai sanyin murya, ga hoton 'ya'yanta a kan tebur. Ta karanta hukuncin, ta cire tabarau.

"Yallabai, ba ku da ikon korarta. Ko tsintsiyarta kuka taɓa, ni kaina ba zan iya fidda ku ba."

"Ke nan gida muka saya da uwa a ciki," in ji Mai Siminti.

Ta yi murmushi. "Ƙafafunta fa?"

Dogo ya ce, "Da sanda take sauka, shi ma da ƙyar."

"Matattakalar ta tsufa?"

"Akwai 'yar tsaga."

"To, doka ta wajabta wa mai gida ya gyara abin da zai iya halaka mutum. Ba ta faɗi ranar da zai gama ba."

Da leburori suka zo da guduma, sun roƙi Gwaggo ta sauko tukuna. Ta ƙi, don ta san in ta sauka ba hawa. Tana zaune a baranda suka rushe matattakalar, suka jingina tsanin ƙarfe a gurbinta, suka tafi. Ba su sake dawowa ba. Duk wanda ya tambayi Mai Siminti, sai ya ce siminti ne ya yi wahala.

Telan da ke haya a shagon ƙasa shi ya ɗaura igiya da bokiti. Ta nan ruwa ke hawa, da abinci, da maganin hawan jini. 'Ya'yan marigayin suka zo suka tsaya a titi, babbansu na ɗaga murya, "Gwaggo, ki rufa mana asiri ki sauko, kin mai da mu abin kallo."

Ta leƙo ta ce, "Ni ce na sayar da gidan?"

Wata safiya tela ya cika bokiti ya yi ta sallama, ba a ja igiya ba. Ya hau tsani ya same ta a ƙofar banɗaki, ƙugu ya karye. Maza suka naɗe ta a katifa suka zuro ta da igiya kamar buhu, tana riƙe da bakin zaninta kada ya kwance, masu wucewa sun yi cirko-cirko. Dogo na tsallaken titi yana ɗaukar hoto da waya, kamar yadda lauya ta ce ya yi duk ranar da aka fito da ita.

Tana kwance a asibiti aka shiga kotu. Lauyar ta ce tsohuwa ta bar gida, kuma barinta a sama ita kaɗai rashin imani ne. Babban ɗan marigayin ya ba da shaida cewa ta koma hannunsa, kotu kuwa ta yarda cewa ita ce ta tashi. An riga an yi masa alkawarin shago a ƙasa.

Shagon tela aka ba shi. Da tela ya je ofishin lauya neman ba'asi, lauyar da kanta ta jawo masa kujera.

"Baba, ba kora ba ce. Wa'adinka ne ya cika. Igiyarka kuma ta ɓata fenti, amma na roƙe su sun yafe."

Gwaggo ta ƙare a ɗakin ajiyar ɗan yayanta, tsakanin tsohon firiji da katakon gado. Matarsa kan ajiye mata kwano a bakin ƙofa ta juya. Tela ya je gaishe ta sau ɗaya, aka ce masa tana barci.