Cokalin Malama Mai Bola

Ƙwas, ƙwas. Cokali sau biyu a jikin ƙarfen gado. Wato ban yi daidai ba, in sake.

"Haba Malama, karo na shida ke nan fa! Maƙogwarona ya bushe."

Ta ɗaga min gira, ta turo min kofin ruwa da bayan hannu. Wata uku ke nan da ciwon wuya ya cinye mata murya. Abin da ya rage mata cokalin nan ne, sai allon nan mai haske da ake shafawa da yatsa.

Ƙofarta na kallon tawa. Shekara goma sha tara ina ganin fitarta da buhu a kafaɗa, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni na raɗa mata Malama Mai Bola. Me ke cikin buhun? Marafan kwalba, igiya, gwangwanaye, faranti na zuba yashi. Ajinta shi ne na ƙarshen baranda, inda ake tara yaran da sauran malamai suka gaji da su. Ita kuwa cewa take babu daƙiƙi a cikinsu, kowa da ƙofar da karatu ke shigar masa. Wani sai ya taɓa da hannu, wani sai ya yi tsalle a kan lambobin da ta zana a ƙasa, wata sai an rera mata.

Da ta kwanta aka kawo sabon malami, shi daga alli sai allo. Sauran yaran suka lallaɓa da hotuna da bidiyon da ta bar musu. Saura 'yar mai gyaran keke, wadda idonta ba ya ganin rubutu, da kunne take karatu. Jarrabawa saura mako uku, uban kuma ya ce in ta sake faɗuwa zaman gida za ta yi, ya gaji da kai ta da ɗauko ta a banza. Darasin lissafi ashirin Malama ta tsara za ta naɗa mata. Ta yi sha huɗu, murya ta tafi.

Ƙanwar Malama mai jinyarta ce ta same ni ina tsintar shinkafa.

"Iya, Yaya ta ce ke za ki ƙarasa mata."

"Ni? Aji uku na yi a duniya, shi ma rabinsa a bakin taga."

"Ta ce duk layin nan babu wanda ake saurara kamar ke. Ko ƙarya kike yi, ba mai tashi."

Ban gane yabo ne ko zagi ba, na dai ɗauki mayafina.

Ranar farko takarda aka ba ni. Ina karantawa ina tuntuɓe, cokali na ta kuka. Can Malama ta ja allon ta yi rubutu, ƙanwar ta karanta min: "Ajiye takardar. Ki faɗe shi kamar gulma."

To, an zo wurin. Na gyara zama, na rage murya.

"Ke 'yar nan, matso ki ji. Matar tela ta sayo kofuna goma sha biyu, sababbi fil. 'Ya'yan nan nata uku marasa jin magana, kowa ya fasa daidai da na ɗan'uwansa, ko ɗaya bai tsira ba. Nawa-nawa suka fasa?"

Ƙwas. Sau ɗaya. Na duba, kafaɗunta na rawa, dariya take ba sauti.

Kwana biyu sai ga matar tela a ƙofata, hannu a ƙugu, ashe ta ji darasin a wayar mai gyaran keke.

"Iya, yaushe 'ya'yana suka fasa kofi sha biyu?"

"Lissafi ne, 'yar nan."

"To ki riƙa lissafin da jikokinki."

Haka muka yi ta ja. Kullum da hantsi in shiga, ɗakin na warin magani, labule a sake, ita tana ƙara shigewa cikin katifa. Ni ma gwiwoyina sun gaji, bakina ya gaji, abin da ban taɓa zaton zai faru ba. Da yamma mai gyaran keke ya zo a tura masa darasin a wayarsa, ya tsaya daga bakin ƙofa yana goge baƙin mai a wando.

Darasi na ashirin shi ya kayar da ni: rabawa mai saura. Sha uku a raba wa huɗu.

"Malama, wannan ba ya rabuwa. A ƙara uku mana, kowa ya huta."

Ba ta taɓa cokalin ba. Ta nuna buhu da ido. Ƙanwar ta zazzage marafan kwalba a kan zanin gado, ta ƙirga sha uku. Malama ta kama wuyan hannuna, yatsunta sanyi ƙalau, ba nauyi. Ta riƙa jan hannuna, ɗaya nan, ɗaya nan, har muka yi tsibi huɗu, uku-uku. Ɗaya ya rage a tafina. Ta naɗe yatsuna a kansa.

"Au! Ashe ba dole ne ya shiga ba. Ajiye shi ake a gefe, a faɗi sunansa."

Sai a lokacin na gane ni ma 'yar ajin ƙarshen baranda ce.

Na naɗa shi tashi ɗaya, da labarin mai shago da ƙwai sha uku da surukansa huɗu. Na gama, ina jiran cokali. An daɗe. Ƙanwar ma ta manta ba ta kashe naɗin ba. Can cokalin ya taɓa ƙarfe, a hankali, sau ɗaya.

Washegari kafin azahar, Malama ta cika. Ina tsakar gida na ji kukan ƙanwar, na zauna a kan bokiti.

Bayan wata guda na bi ta rumfar mai gyaran keke. Yana ɗaure sarƙa, bai ɗago ba ya ce, "Iya, 'yata ta ci jarrabawar fa. Ranar Litinin za ta shiga sabon aji."

Yarinyar na zaune a kan tsohuwar taya, waya manne a kunne.

"Ke, ba an gama jarrabawa ba? Me kike ji kuma?"

"Iya ce? Zo ki ji, ba muryarki ba, can ƙarshe."

Ta lalubo hannuna ta ɗora min wayar a kunne. Muryata ta ƙare, sai shiru mai tsawo, fanka na juyawa a ɗakin Malama. Sannan ƙwas.

Ta karɓa, ta mayar da shi baya kaɗan, ta sake miƙo min. Marfin kwalbar nan da ya rage na ƙulle a bakin zanina, ina jin sa a cinyata.